Ƙofar da Ba Ɗaki a Bayanta

Ƙarfe tara na dare a Dilimi,
ruwan Agusta na dukan kwanon shago.
Na ja ƙyaure, na bar taga,
na ce wa tsohuwar kwamfuta: yau za ki sake zuciya.

Tun la'asar nake tankaɗe zaɓi,
wannan a sa, wancan a cire,
har direban wata firinta
da rabon a gan ta tun ina firamare.
Na danna umarni. Fanka ta ɗauki kuka.
Layuka na gudu a baƙin allo
kamar tururuwa ta ji labarin suga.

Awa uku da 'yan kai.
Sallau mai shayi ya kife bencinsa,
ya bar mini kofi ɗaya bashi.
An ɗauke wuta sau biyu,
batir ya riƙe, da ƙyar da addu'a.

Sai ƙwayar ta fito, sabuwa ful.
Na ce a girka. Aka ce an girka.
Ba ƙorafi, ba jan rubutu.
Na sake kunnawa, na harɗe hannu
kamar magini ya sauko daga soro.

Tsohuwar ce ta tashi.
Da tsohuwar lambarta, da tarinta.

Na kashe, na kunna. Ita ce.
Na zargi faifai, na zargi wanda ya sayar mini da shi a Taminus,
na zargi sanyin Jos da ya shige mini yatsu.
Kowa ya sha zargi, ban da mai shago.

Sha biyu saura na kira Kaneng a Bukuru,
ita ta fara nuna mini baƙin allo.
Muryarta cike da barci ta ce,
"Ilu, ka ɗora sashen tayarwa kafin ka zuba?"

Na yi shiru. Ruwa ya amsa mata.

Faifan nan gida ne mai sassa.
Akwai ɗan ɗaki a bakin zaure,
shi inji ke fara leƙawa in ya farka.
In ba ka ɗora shi ba, sunansa na nan a jeri,
amma ƙofa ce kawai aka zana a bango.
Inji kuwa ba ya musu:
abin da ka miƙa ya karɓa,
ya ajiye a ƙasa, ya ce maka an gama.
An yi, ba a yi ba.

Da na ɗora sashen, sabuwar ƙwayar ta ɓace,
kamar an shimfiɗa tabarma a kan kwabo.
Sai da na sauke, na share inda na zubar,
na sake ɗorawa, na leƙa da idona,
na zuba a ɗakin gaskiya,
na gaya wa mai gadin ƙofa sabon suna.

Babana ya wanke kuza shekara ashirin.
Ya kan ce, kafin ka tuttule kwano,
sa hannu ka taɓa gindin buhu.
Na ɗauka zancen kuza yake.

Ina jiran inji ya juyo, sai na tuna Nafi'u ƙanena:
shekara guda ina zuba masa nasiha ta waya,
yana "to, Yaya, to."
Ba ƙorafi, ba jan rubutu.
Ban taɓa tambaya ko yana ciki ba.

Sabuwar lamba ta bayyana a allo,
ƙarama, fara, ba ko guɗa.
Ruwa ya tsagaita. Wani kare ya yi haushi ta wajen Gangare.

Na yago takardar rasit, na rubuta "Ka ɗora?"
na manna a goshin allo da salatif.
Gobe zan biya Sallau kuɗin shayinsa,
in hau mota zuwa Farin Gada,
in zauna a bakin rumfar dankalin Nafi'u
in bar shi ya fara magana.